Zumar ƙarfin mazan da na saya a WhatsApp ta kusa mayar da ni gidan jiya

Jama'a bari in faɗi abin da na gani game da zumar nan ta maza da ake ta tallanta a sitatus, mai robar nan da baƙin murfi, kun dai san ta ba sai na kira sunan mai ita ba. Dubu 12 na tura masa har da kuɗin mota. Maganar gaskiya wajen aiko kaya ba shi da matsala, Talata na tura kuɗi, Alhamis direba ya kira ni in zo tasha in karɓa.

Dole in ɗan koma baya kafin ku gane. Ni na yi shekara shida ina shaye-shaye. Da kodin na fara, da gwamnati ta hana shi a 2018 bayan rahoton nan na BBC kwalba ta yi tsadar da ta gagari talaka, sai na koma tramol, irin mai 225 ɗin nan ta bayan fage ba mai 50 ko 100 da likita ke rubutawa ba. Allah ya taimake ni Yayanmu ya kai ni asibiti, kafin wannan abin na yi wata 14 ban sa komai a baki ba. Amma akwai abin da ba wanda ya gaya min. Lokacin ina kan ƙwaya sai in daɗe ban kawo ba ina ganin ni ne namijin duniya, daga baya sha'awar ma ta mutu murus. Da na daina sha'awa ta fara dawowa kaɗan kaɗan, sai kuma saurin kawowa ya sako ni gaba, abin kunya wallahi ko minti ɗaya ba na kaiwa. Madam ba ta taɓa cewa uffan ba, kuma shirun nan nata shi ya fi ci min rai.

Da na yi wa mai zuma bayani ko gama saurare bai yi ba ya ce "Alhaji ai sanyi ne da basir." Na tambaye shi har sau biyu ko akwai maganin bature a ciki saboda ni ga tarihina, ya rantse ya ce zuma ce da citta da kanumfari da saiwoyi zalla.

Satin farko kam ta yi aiki, ba zan yi ƙarya ba. Har murya na tura masa ina ta godiya ina sa albarka, ya ɗora a sitatus ɗinsa. Ciwon kai da toshewar hanci da fuskata ke ɗaukar zafi duk na ce ai magani ne ke ratsa jiki. Abin da ya kamata ya farkar da ni shi ne wani ɗumi da natsuwa da nake ji kamar awa ɗaya bayan na sha, da ɗan ƙaiƙayin nan a hanci, wanda ya taɓa harka ya san me nake nufi. Ran nan sai na tsinci kaina a tsaye a kicin da safe ina lasar cokali kafin in fita shago. Me ya haɗa zuwa shago da maganin iyali? Amma na basar.

Sai ranar komawa asibiti ta zo. Ni da Yaya muka je kamar kullum, na ba da fitsari hankalina kwance har ina tsokanar nas ɗin. Muna shiga likita ya dubi takarda ya dube ni ya ce "Malam yaushe ka koma?" Tramol ta fito a fitsarina. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Yaya bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi min sauƙi, cire hularsa kawai ya yi ya riƙe a hannu ya ce "yanzu duk hawayen da Hajiya ta zubar a banza kenan?" Ina rantsuwa ina kuka, ƙato da ni, amma wa zai yarda da rantsuwar tsohon ɗan ƙwaya? Sai da na hau adaidaita na koma gida na ɗauko robar na dire a teburin likita, kuma dole na faɗi dalilin sayenta a gaban yayana, abin da na yi wata da watanni ina ɓoyewa.

Likitan ne ya zaunar da ni ya min bayanin da ya kamata in nema tun farko. Ya ce su kodin da tramol suna danne saƙon da ƙwaƙwalwa ke aikawa a samar da sinadarin maza, testosteron, shi ya sa sha'awa ke mutuwa, ita kuma tramol tana jinkirta kawowa, to in ka cire ta jiki sai ya yi tsalle ya koma ɗaya ɓangaren, kuma ga yawancin mutane abin na daidaita a hankali. Ciwon kan da toshewar hancin kuma ya ce sun yi kama da na sildenafil, wato maganin ƙarfin maza na bature da aka fi sani da Viagra, wanda ke da haɗari ga mai shan wasu magungunan zuciya. Ya rubuta min gwajin jini ya ce da sassafe ake yi.

Da na ajiye zumar kwana uku na yi ina hamma, hanci na zuba, gumi, ƙafafu na min tsami da dare kamar farkon dainawata. Citta da kanumfari ba sa yin haka. A nan ne Yaya ya yarda da ni, shi ya kwana a falona ma daren na biyu.

Na kira mai zuma na gaya masa komai, buɗar bakinsa sai cewa ya yi ƙila a wani wurin na sha, daga nan ya yi bulokin ɗina. Dubu 12 ɗin na yafe ba ita ce damuwata ba. Jiya abokina ya nuna min a wayarsa, har yanzu muryata na nan a sitatus ɗin mutumin ina cewa Allah ya saka da alheri.