Bak a Yuli, ƙofofin waje a Fabrairu: saƙo ga iyayen masu son karatun kwamfuta

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na Maradi, Alhazai da Hajiyoyi. Ina gaishe ku da ɗawainiyar yara, Allah ya saka da alheri.

Tambayar da ta fi iso mana nan Ankara daga gida guda ce: yaro ya samu bak, seri C ko D, yana son karatun kwamfuta, wanda ɗalibai ke ce ma anformatik, ina za a kai shi, kuma nawa za a kashe? Kusan kullum tambayar takan zo ne a ƙarshen Yuli, bayan sakamako ya fito an gama barka. A lokacin kuwa yawancin ƙofofin waje na wannan shekarar sun riga sun rufe. Tallafin gwamnatin Turkiyya ya rufe tun Fabrairu. JAMB, hukumar jarrabawar shiga jami'a ta Najeriya, ta gama rajista tun wajen Maris, ta yi jarrabawarta a Afrilu ko farkon Mayu. Faransa ta rufe tun Disamba. Wanda ya jira bak kafin ya fara shiri, kamar manomi ne da ya bari sai ruwan shuka ya sauka sannan ya tafi kasuwa neman iri. Shekara guda ta tafi kenan, ba don yaron ya kasa ba, don dai ba a duba kalanda ba.

Bari in fara da inda nake zaune. Hanya biyu ce ake shiga jami'a a Turkiyya. Ta farko ita ce tallafin gwamnati, Türkiye Bursları. Ana buɗe shafinsa na intanet daga 10 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu, kuma cike shi kyauta ne, ko dala ba a biya. Duk wanda ya ce ku ba shi jaka ɗari ko ɗari biyu don yana da hanya a ciki, ku riƙe kuɗinku. Ɗan tarminal da bai zauna bak ba tukuna yana da damar nema da takardun makinsa na sakandare, ya kawo shaidar bak daga baya. Sharuɗɗa biyu ne suka fi kada yaranmu: shekaru su kasance ƙasa da 21, maki kuma ya kai kashi 70 cikin ɗari. In aka juya wannan kai tsaye zuwa lissafinmu, 14 bisa 20 kenan, kuma kowa ya san yadda 14 ke da wuyar samu a hannun malamanmu. Shi ya sa makin sagwand da na firamiyar ke da nauyi, alhali su ne ajin da yara suka fi yi wa riƙon sakainar kashi, suna cewa ai bak ce jarrabawa. Wanda aka zaɓa a zagayen farko za a kira shi ɗan gajeren gwajin lissafi da kuma ganawa ido da ido, sakamakon ƙarshe ya fito wajen Agusta. Tallafin yana ɗaukar kuɗin makaranta, ɗakin kwana, inshorar lafiya, tikitin jirgi na zuwa da na komawa bayan an gama, da ɗan kuɗin kashewa duk wata. Masu nema daga duniya suna da yawa ƙwarai, kuma fannin kwamfuta na cikin waɗanda aka fi rububi, don haka kada a ɗora dukan buri a kansa.

Hanya ta biyu ita ce uba ya biya da kansa. A nan jami'o'in gwamnati da dama suna neman sakamakon TR-YÖS, jarrabawar da hukumar ÖSYM ta fara shiryawa ga baƙi a 2023. Tambaya 80 ce cikin minti 100: 40 na lissafi, 40 na kaifin tunani, irin su jerin lambobi da siffofi da ake cewa a gano wanda zai biyo baya. Alherin da ke cikinta gare mu shi ne akwai Faransanci cikin harsunan da ake buga ta, ga Larabci da Turanci. Ba a shiga da kalkuleta. Kuma amsa huɗu da aka kuskure suna cinye amsa ɗaya ta daidai, saboda haka cika takarda da kame-kame asara ne. Ana yin ta sau biyu a shekara, kuma kowane zagaye ÖSYM na fitar da jerin garuruwan da za a zauna, sai a duba kafin a biya.

Ga abin da nake so iyaye su gane da kyau. Bak tamu jarrabawar rubutu ce: yaro ya zauna awoyi a kan matsaloli kaɗan, ya nuna hanya mataki bayan mataki, ko bai kai ƙarshe ba mai gyara ya ba shi rabin maki. Jarrabawoyin waje na zaɓi ne, A, B, C, D, ba ruwansu da hanyar da ka bi. A TR-YÖS kowace tambaya daƙiƙa 75 take da ita. Yaro mai 15 a lissafi yakan fito bai taɓa sulusin takardar ba, saboda ya saba sai ya rubuta komai tsaf. Maganin ba ƙarin malamin gida ba ne da zai maimaita darasin aji. A samo tambayoyin shekarun baya, a ajiye agogo a gabansa, ya yi cikakkiyar jarrabawa sau ɗaya ko biyu a mako na tsawon wata uku ko huɗu, ya riƙa rubuta irin tambayar da ke cinye masa lokaci. Saurin koyonsa ake yi.

Sai lissafin shekaru, wanda ba a cika yi ba. Digirin injiniyan kwamfuta a nan shekara 4 ne. Kafin shi akwai shekarar harshe: in karatun da Turkanci ne, shekara guda a cibiyar TÖMER, in da Turanci ne, kamar a jami'o'in ODTÜ ko Boğaziçi ko Bilkent, shekarar share fage ta Turanci, sai fa wanda ya ci gwajin harshen tun farko. Biyar kenan. In an ƙara shekarar da aka rasa wajen jiran bak, shida. Lisans a gida shekara 3 ce a takarda. Uba ya auna aljihunsa da shida, ba da ɗaya ba. Kuɗin haya a Istanbul da Ankara ya yi tashin da ba a zata ba a ƴan shekarun nan, akwai kuma unguwannin da aka daina yi wa baƙi rajistar zama a cikinsu, don haka kafin a biya kafin alƙalamin ɗaki a tabbatar adireshin zai karɓu wajen neman takardar zama, wadda ake kira ikamet. Ɗalibin digirin farko ba shi da izinin aiki a shekararsa ta farko. Maganar "in ya je zai riƙe kansa" a ajiye ta.

Najeriya kuwa ita ce a bakin ƙofa. Daga Maradi ka bi Ɗan Isa ka faɗa Jibiya, ga Katsina, ga Kano. Abinci irin namu, harshe namu, in yaro ya kwanta rashin lafiya uwa tana iya isa a yini ɗaya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, musamman ga ɗiya mace. Akwai Jami'ar Bayero a Kano, Ahmadu Bello a Zariya, Umaru Musa Ƴar'aduwa da Al-Qalam a Katsina, da ta tarayya a Dutsin-Ma. Amma ƙofar shiga JAMB ce, kuma duk da Turanci take. Darussa huɗu: Turanci tambaya 60, sai lissafi, fizik da na huɗu, galibi shimi, kowanne 40. Tambaya 180 cikin awa biyu, daƙiƙa 40 kowace, maki 400. A kan kwamfuta ake yi, da ƴan maɓallai kaɗan: A zuwa D na amsa, N na gaba, P na baya, S na miƙawa. A nan kuskure ba ya rage maki, don haka ba a barin gurbi. Kuɗin rajista bai taka kara ya karya ba, naira 7,200 ne a 2025, ko 8,700 da jarrabawar gwaji. Wahalar tana wani wuri: a wannan shekarar, cikin kusan mutum miliyan 2 da suka zauna, sama da miliyan ɗaya da rabi ba su kai 200 ba a sakamakon farko, kuma waɗannan yara ne da suka yi dukan karatunsu da Turanci. Fannin kwamfuta a manyan jami'o'i ba ya samuwa da ƙaramin maki. A shekarar ce ma aka samu tangarɗar na'ura da ta sa kusan mutum 380,000 na Legas da kudu maso gabas suka sake zama.

Bayan JAMB akwai tantancewar jami'a, akwai kuma sharaɗin kiredit biyar a WAEC ko NECO, jarrabawoyin gama sakandare na can, har da Turanci da lissafi, abin da ɗan lakkol ɗinmu ba shi da shi. Mai bak ya fi dacewa ya nemi shiga kai tsaye aji biyu, hanyar da suke kira Direct Entry, amma kowace jami'a da yadda take karɓar bak, don haka a je ofishin ɗaukar ɗalibai da ƙafa a tambaya, a kuma nemi a ga sharaɗin a rubuce. Gurbin da bai fito a shafin CAPS na JAMB ba, ba gurbi ba ne, ko wa ya miƙo takardar. Jinkirin can kuma sananne ne: yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ga rufe iyaka daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024 da ya tsare ɗalibai da kuɗin abincinsu. Jami'o'i masu zaman kansu ba sa shiga wannan yajin, amma kuɗinsu ninki ne.

Ina roƙonku da girman Allah a kan abu ɗaya: kada a yi wa yaro takardun zama ɗan Najeriya na ƙarya don a samu lambar shaida ta ƙasa, wato NIN, ko rangwamen kuɗin makaranta. Yau ne ake ganin sauƙin. Ranar da zai kawo digirin gida neman daidaito, ko ya nemi mastar a waje, sai a tarar bak tana cewa Mahamadou an haife shi a Tibiri, digiri yana cewa Muhammad ɗan Jibiya, shekarun haihuwa ma sun bambanta. Mutum biyu kenan a idon hukuma, kuma gyaran yana iya cin shekaru. Ko ba a yi ƙarya ba, a zauna a jera takardar haihuwa, takardar zama ɗan ƙasa, fasfo da takardun maki a kan tabarma, a bi su harafi bayan harafi. Aboubacar a nan, Boubacar a can, ya isa ya tsayar da dosiye.

Faransa ba zan daɗe a kanta ba. Neman shiga shekarar farko yana rufewa 15 ga Disamba, da zaɓi uku kacal. A 2025 kuɗin lisans ga baƙo ya kai wajen yuro 2,900 a shekara, kusan sefa miliyan 1.9, ko da yake a lokacin wasu jami'o'in suna yafe mafi yawansa. Wajen biza, a wannan shekarar an nemi shaidar yuro 615 duk wata, sama da jaka 400 kenan, kusan miliyan 5 a shekara. Ofishin jakadancinsu a Yamai kuma a rufe yake tun Janairun 2024. Ga yawancin gidajenmu wannan hanya ta fi kyau a bar ta sai matakin mastar.

Ƙofar da ke buɗewa bayan bak ita ce ta tallafin ƙasashe abokai, irin Maroko da Aljeriya, da ake bi ta hukumar tallafin karatu ta gida, ANAB. A Maroko da Faransanci ake karatun kimiyya, babu shekarar harshe, kuma makin bak ne ke magana. Sai dai sanarwar kan zo da gajeren wa'adi, wanda fasfonsa bai fito ba ya gani ya wuce. A yi fasfo tun yaro na tarminal. Kwafin takardu a buga masu hatimin hukuma da yawa a ajiye. Takardar shaidar rashin laifi ta kotu ita kaɗai za a jinkirta, don wata uku take aiki.

Duk inda aka nufa, ra'ayina a yi wa yaro rajista a gida tukuna, ko a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maradi, ko Abdu Mumuni a Yamai, ko ya gwada gasar shiga EMIG, makarantar injiniyoyi ta Yamai. Na san kukan da ake yi da jami'o'inmu, shekarar karatu ta hau kan wata, lisans ɗin shekara uku ya ja ya wuce haka. Duk da haka yaron da ke zuwa aji yana jiran amsar waje ya fi wanda ke zaune a fada yana shan shayi yana jiran biza. Lissafin shekarar farko, aljabra da algoritim, shi ne dai zai tarar ko'ina ya je.

Kayan aiki kuma: kwamfutar tafi-da-gidanka mai Core i5 ƙarni na takwas ko sama, RAM giga 8 aƙalla, 16 ta fi, da SSD giga 256, ta isa shekarun farko. Ta hannu mai kyau ta wadatar, amma a cire caja a gwada batirin a gaban mai sayarwa, a bar ta tana aiki rabin awa a ga yadda yake sauka. A duba jerin maɓallan: namu na Faransanci AZERTY ne, Najeriya da yawancin duniyar masu rubuta manhaja QWERTY suke amfani da shi, gara yaro ya saba tun yanzu. Mai zuwa Turkiyya kuma kada a saya masa waya mai tsada a matsayin guzuri. Wayar da aka shigo da ita daga waje tana daina karɓar layin ƙasar bayan kwana 120, sai an biya harajin rajista da ya fi kuɗin wayoyi da yawa. Ya zo da tsohuwarsa, in ya zauna ya sayi ta nan.