Ƙaramin mataki ko babba: jarrabawar Faransanci a Ingila

A Ingila, ɗalibin da zai rubuta Faransanci a jarrabawar GCSE, wadda ɗaliban sakandare ke yi a kusan shekara 16, dole ya zaɓi ɗaya daga matakai biyu, ƙarami ko babba, kuma matakin da ya ɗauka a sauraro shi zai ɗauka a karatu, magana da rubutu. Kowane fanni yana da kashi 25 cikin ɗari na maki.

A AQA, ɗaya daga hukumomin da ke shirya jarrabawar, sauraron ƙaramin mataki minti 35 ne, na babba 45. Karatu kuwa minti 45 a ƙarami, awa guda a babba. A sabon tsarin da aka fara jarrabawarsa a 2026, ana sa ran ɗalibin ƙaramin mataki ya san kalmomi 1,200, na babba 1,700, an kuma shigar da shifta cikin takardar sauraro.

Inda gizo ke saƙar shi ne sakamako. Ƙaramin mataki daga daraja 1 zuwa 5 ya tsaya; ko ka cinye makin duka, ba za ka wuce 5 ba. Babban yana kaiwa 9, amma wanda ya kasa kai 4 da tazara mai yawa sai ya tashi a tutar babu.

Ni dai a ganina, kunne ya kamata malami ya gwada kafin ya yanke wa yaro mataki. A karatu yana iya komawa ya sake duba jimla. A sauraro kuwa, bayan an maimaita muryar, in ta wuce, ta wuce ke nan, kuma a babban mataki maganar ta fi tsawo da sarƙaƙiya.