Kogon Batu da ɗan jagorar da ya san labari amma yake sauri

Da abokin zamana ya ce mu biya kuɗin jagora zuwa Kogon Batu, wurin ibadar mabiya addinin Hindu a ƙasar Malesiya, sai da na yi masa gardama. Shiga babban kogon kyauta ne, jirgin ƙasa na KTM kuma daga Kuala Lumpur yake ɗauko mutum ya sauke shi a bakin wurin. To kuɗin na mene ne?

Ashe labari muka saya. Jagoran, wani dattijo Batamile, ya tsayar da mu a gindin mutum-mutumin Murugan, ɗaya daga cikin abubuwan bautar Hindu, mai ruwan zinare, mai tsayin mita 42.7, wanda aka ƙaddamar a 2006, ya ce mu dubi mashin hannunsa. A imaninsu, mahaifiyar Murugan, Parvati, ce ta ba shi mashin, sunansa Vel, da shi ya ci galabar wani mugun ifiritu, Surapadman. Sannan ya juyo da mu wajen bakin kogon can sama: wai siffarsa ta kan mashin nan ita ta ja hankalin attajiri Thamboosamy Pillai har ya mai da wurin na ibada wajen 1890. Na ƙura ido, na kuwa ga kamannin. Da ni kaɗai na je, dutse zan gani kawai.

Bayaninsa kan bikin Thaipusam ya fi tsaya mini a rai. Tsakanin Janairu da Fabrairu ake yi. Masu cika bakance suna hawa matattakala 272 ɗauke da tulun madara a ka, wasu har su soke kunci da harshe da ƙananan masu bayan kwanakin kame kai. Ya san mu Musulmi ne, bai ce mu taɓa komai ko mu rusuna wa komai ba. Na yaba masa.

Laifinsa gaggawa. Muna isa sama muna haki, ko gumi bai bushe ba, ya fara duba agogo. Minti ashirin ya ba mu cikin kogon, alhali shagon tsaraba na ƙasa ya ci kusan awa. Kogon Ramayana ma da yatsa ya nuna mana daga nesa.

Zan sake ɗaukar jagora, amma sai mun yi ciniki a kan lokaci tun a ƙasa. Kada a riƙe leda a hannu, birai sun ƙwace wa abokina ayabarsa tun a tsakiyar hawa.