Kafin ka miƙa kuɗi a kemis: me za a saya wa zazzaɓin cizon sauro, me ake samu kyauta

Daga watan Yuli zuwa Oktoba, idan marka ta zauna, kemis na unguwa ba ya rabuwa da masu cewa "a ba ni maganin maleriya". Mai kemis kuma sai ya ce, "Na nawa?" Daga wannan tambaya ciniki yake lalacewa, domin maganin wannan cuta ba a sayensa gwargwadon abin da ke aljihu. Nauyin jikin marar lafiya ne ke nuna yawan ƙwayar da zai sha, kuma a cike ake shan ta. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da cutar a duniya a Najeriya suke, Nijar ma tana cikin ƙasashen da suka fi rasa rayuka, kuma mafi yawan waɗanda ake binnewa yara ne da ba su kai shekara 5 ba. Don haka ya kamata kowane magidanci da kowace uwa su san bambancin abin da ake jera musu a kanta.

Abu na farko da za ka kashe wa kuɗi shi ne gwaji. Iri biyu ne. Akwai na nan-take, wanda ake tsira yatsa a ɗiga jini a kan ɗan farin faranti, cikin minti 15 zuwa 20 a ga layi ɗaya idan babu cutar, ko biyu idan akwai. Akwai kuma na madubin likita a ɗakin gwaji, wanda yake nuna yawan ƙwayoyin cutar a cikin jini, amma ingancinsa ya danganta da ƙwarewar mai dubawa. Ga zazzaɓin da ya fara jiya ko shekaranjiya, na nan-take ya wadatar, kuma yawanci kuɗinsa bai kai na kwalin magani ba. Rauninsa shi ne yana iya ci gaba da nuna akwai cuta har makonni bayan an warke, saboda haka wanda ya gama shan magani kwanan nan zazzaɓi ya dawo masa, na madubi ya fi dacewa da shi. Idan gwaji ya nuna babu, a yarda da shi a nemi abin da ke kawo zafin jikin. Ciwon huhu, ciwon kunne, cutar mafitsara da sanƙarau duk da zazzaɓi suke farawa, kuma maganin maleriya ba ya taɓa su. Gwajin Widal da ake haɗawa da shi a ce wa mutum "maleriya da taifod" kuwa, shi kaɗai ba hujja ba ne, ya sa mutane da yawa sun sayi maganin da ba su buƙata.

Idan layi biyu ya fito, abin da ake nema shi ne maganin da ake kira ACT, wato haɗin magani biyu a ƙwaya ɗaya: ɗaya mai saurin karkashe ƙwayoyin cutar, ɗaya mai daɗewa a jiki yana share ragowar. Najeriya ta koma kansa a 2005 bayan kulorokwin ya daina aiki yadda ya kamata. Iri uku za ka fi cin karo da su, kuma sunan da za ka duba shi ne wanda aka rubuta da ƙananan baƙaƙe a ƙarƙashin sunan kamfani.

Na farko shi ne wanda aka rubuta wa artemether da lumefantrine. Coartem, Lonart da Amatem duk shi ne, sunan kamfani ne kawai ya bambanta. Shi ne aka fi bayarwa a asibitocin gwamnati, kuma jiki yana karɓarsa ba wahala. Sharaɗinsa shi ne sau shida ake sha cikin kwana uku: na farko, na biyu bayan awa 8, sannan safe da yamma na kwana biyu. Ana son a bi shi da abu mai maiƙo, kamar madara, kunun gyaɗa ko abinci mai mai, domin da maiƙo hanji ke tsotse shi. Jariri kuma a ba shi nono. Ƙaramar ƙwayar, mai lamba 20/120, yaro mai kilo 5 zuwa ƙasa da 15 ɗaya yake sha a kowane lokaci, mai 15 zuwa ƙasa da 25 biyu, mai 25 zuwa ƙasa da 35 uku, daga 35 zuwa sama huɗu. Mai lamba 80/480 ita ce huɗun nan aka dunƙule wa babba, ba ta fi su ƙarfi ba, sauƙin haɗiya kawai ka saya. Akwai mai narkewa a ruwa domin yara, ta fi a daka ƙwaya a cokali rabi ya zube. Idan an yi amai cikin rabin awa da sha, a sake bayarwa. Tun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a ba mai ciki wannan haɗin ko a watanni ukun farko, amma mai ciki a asibiti ya kamata a rubuta mata, ba a kanta ba.

Na biyu shi ne artesunate da amodiaquine. Sau ɗaya ake sha a rana, kwana uku, ga shi da araha. Sai dai mutane da yawa suna kukan yana kashe musu jiki, ya sa jiri da tashin zuciya, wasu ma su watsar da shi a rana ta biyu. Akwai kuma wani abin lura da ba kowane mai kemis ke tambaya ba: yaron da ke karɓar maganin kariya na damina da ake rabawa gida-gida, a cikin wancan maganin ma akwai amodiaquine, don haka idan ya kamu ba wannan za a saya masa ba, na farko za a ba shi.

Na uku, dihydroartemisinin da piperaquine, irin su P-Alaxin, shi ma sau ɗaya ne a rana. Fifikonsa shi ne yana daɗewa a jini, yana kare mutum daga sake kamuwa na wasu makonni fiye da na farko. Ba a son a haɗa shi da abinci mai maiƙo sosai, kuma mai ciwon zuciya ko mai shan wasu magunguna na yau da kullum sai ya tambayi likita, domin yana iya taɓa bugun zuciya. A ganina, ga gida mai yara a ƙasar Hausa, na farko shi ne zaɓin da ya fi kwanciyar hankali, matuƙar akwai wanda zai tsaya a kan lokutan shan nan shida har ƙarshe. Sauƙin da ake ji a rana ta biyu ba warkewa ba ce. Ƙwayar da aka ajiye wa ƙanin yaro gaba, ita ce wadda ya kamata ta gama aikin.

Kowanne ka zaɓa, duba lambar rajistar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya, da ranar lalacewa. Tun 2010 hukumar ta fito da tsarin kankare wani wuri a jikin kwali, ka tura lambar ta saƙon waya kyauta a amsa maka ko na gaskiya ne. Ka yi hakan kana tsaye a wurin, kafin ka biya. Kada ka karɓi ƙwayoyin da aka ɓare aka zuba a leda, kada kuma ka saya a faifan mai talla da ya wuni a rana, domin zafi yana rage ƙarfin wannan magani ko da na asali ne.

Kulorokwin da Fansidar har yanzu suna kan kanta saboda arha, amma ba su ne maganin wanda ya kamu ba. Tazargade kuwa yana da dalilin da ya sa ake yarda da shi: daga wani ganye ɗan danginsa ne masaniyar ƙasar Sin, Tu Youyou, ta fitar da sinadarin da ACT ya dogara a kansa, har ta sami kyautar Nobel a 2015. To amma jiƙo ko dafaffen ganye ba a san adadin sinadarin da ke cikinsa ba, yana iya sauke zazzaɓi ya bar cutar a jini, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta amince da shi a matsayin magani ba.

Sai maganar allura, inda kuɗi suka fi salwanta. An ɗauka duk abin da ya shiga ta tsinin allura ya fi ƙwaya ƙarfi, har mutum yakan ji an raina ciwonsa idan ba a yi masa ba. Wanda yake iya haɗiya ba ya amai, ƙwaya ta ishe shi. Allura ta mai tsananin ciwo ce: yaron da ke jijjiga, ko ya kasa shan nono, ko yake amayar da komai, ko barci ya danne shi ba ya farkawa sosai, ko tafin hannunsa ya yi fari fat, ko numfashinsa ke sama-sama, ko fitsarinsa ya yi baƙi. Wannan ba ciniki ba ne na kemis, asibiti za a nufa a daren. Can ma allurar artesunate ake so, wadda ake yi nan take, bayan awa 12, bayan awa 24, sannan a ɗora da cikakken ACT. Wani babban bincike da aka yi a kan yaran Afirka a 2010 ya nuna ta rage mace-mace da sama da kashi 20 cikin 100 idan aka kwatanta da kwinin. Allura uku da ake yi wa mutum a bayan kanta a sallame shi ba ƙwaya, magani ɗaya ne tilo ba haɗi, kuma irin wannan ne ke koya wa cutar jure magani.

A ɓangaren kariya, abin da ya fi amfani yawanci ba a sayar da shi. Gidan sauro mai magani ana raba shi kyauta lokacin gangami, ɗaya ga mutum biyu, ana kuma ba mata a wurin awo. Idan sayen za ka yi, ka san cewa sauron yankinmu ya saba da tsohon maganin da ake sa wa raga. Saboda haka aka fito da masu ƙarin sinadarin PBO mai karya juriyar sauro, irin su PermaNet 3.0 da Olyset Plus, da masu magani biyu irin su Interceptor G2, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fifita a 2023 a inda sauro ya yi taurin kai. Ragar ado da tela ke ɗinkawa tana tare sauro muddin ba ta huje ba, amma ba ta kashe shi. Sabon gidan sauro a shanya shi a inuwa kwana guda kafin a kwana ciki, hakan na rage ƙaiƙayin fuska da ake kuka da shi. A wanke da sabulun wanka, ba omo ba, a shanya a inuwa. Yana kai kimanin shekara uku ko wanki 20. Masu kwana a tsakar gida lokacin zafi su ma su ɗaura, domin sauron da ke ɗauke da cutar da dare yake cizo, ba ruwansa da ɗaki ko waje.

Maganin sauro na kunnawa da na fesawa taimako ne na 'yan awoyi, kuma idan ka tara kuɗinsu na damina guda sun fi na raga. Fiya-fiya kuwa ina roƙon a fitar da shi daga ɗakin kwana. Maganin ƙwarin gona ne, yana shiga jiki ta numfashi da ta fata, yara suna ɗauka su sha, kuma tun 2019 NAFDAC ta taƙaita sayar da irinsa.

Maganin damina da ma'aikata ke bi gida-gida suna bai wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 shi ne, a wurina, mafi girman rabon da iyaye ke samu ba tare da sisin kwabo ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012, Najeriya ta fara a Katsina a 2013, Nijar ma a shekarar ta fara. Sau ɗaya ne a wata, wata huɗu ko biyar na damina, kuma gwaje-gwaje sun nuna yana hana kusan uku cikin huɗu na kamuwa. Ma'aikaciya tana bayar da na ranar farko a gabanta, ta bar wa uwa ƙwaya biyu na rana ta biyu da ta uku. A waɗannan biyun ake yawan sakaci, kuma in babu su kariyar ba ta kai ƙarshen wata. Yaron da ke zazzaɓi ranar rabo ba a ba shi, gwaji ake tura shi.

Fansidar ɗin da ba ya warkar da wanda ya kamu, a wurin mai ciki yana da aiki: daga mako na 13 ana ba ta ƙwaya uku a wurin awo, da tazarar aƙalla wata guda, sau uku ko fiye kafin haihuwa, domin kare ta daga ƙarancin jini da haihuwar jariri marar nauyi. Wadda ke shan Septrin kullum ba a haɗa mata da shi.

Allurar rigakafi ita ce sabuwar shigowa. Iri biyu aka amince da su, RTS,S a 2021 da R21 a 2023, kuma iyaye ba su da zaɓi a tsakaninsu, ƙasa ce ke ɗaukar ɗaya. Kamaru ta shigar da ita cikin rigakafin yau da kullum a Janairun 2024, Nijar ta ƙaddamar a Gaya a Satumba, Najeriya kuma ta fara da Kebbi da Bayelsa a Disamba. A Najeriya sau huɗu ake yi, a wata 5, 6, 7 da 15. A Ghana, Kenya da Malawi, inda aka fara gwada ta tun 2019, mutuwar ƙananan yara ta ragu da kashi 13 cikin 100. Ba ta hana kamuwa gaba ɗaya, don haka yaron da aka yi wa zai ci gaba da kwana a gidan sauro da karɓar maganin damina. Kyauta ake yin ta a wurin rigakafi, duk wanda ya ce zai sayar maka da ita a kemis kada ka saurare shi. Idan an je rigakafin wata mai zuwa, a tambayi ma'aikaciyar ko ta iso ƙaramar hukumarku, a kuma tafi da katin yaron domin a rubuta ranar komawa.