Ajin koyon sana'ar rubutu a wata cibiya ta Gusau: abin da na gani

A unguwar Tudun Wada ta Gusau akwai wata cibiyar koyar da kwamfuta da ta buɗe aji ga masu son mayar da rubutu sana'a, wato su riƙa karɓar aiki daga mutane da kamfanoni ana biyansu a kan kowane aiki, ba tare da sun zama ma'aikatan kowa ba. Na shiga ajin ne domin na daɗe ina koyarwa a makarantar sakandare, kuma ina neman hanyar da zan sauya sana'a sannu a hankali ba tare da iyalina sun shiga ƙunci ba. Ana zama ranakun Asabar da Lahadi daga bayan la'asar zuwa magariba, lokacin da ya dace da ma'aikata ƙwarai.

Abin da ya fi komai daraja a ajin shi ne gyaran da malamar take yi wa rubutun kowane ɗalibi. Ba ta tsayawa ga bayani a allo. Takan aike mu kasuwa mu zaɓi shago ɗaya, mu rubuta bayanin kayansa kamar mai shagon ne ya ba mu aikin, sannan ta buga rubutun a takarda ta bi shi da jan biro layi bayan layi. Na ga yadda ta zagaye jimloli uku na gaisuwa da wani dattijo ma'aikacin sakatariya ya fara wasiƙar neman aiki da su, ta ce masa cikin ladabi, "Baba, wanda zai karanta wannan yana da wasiƙu da yawa a gabansa, ku fara da abin da za ku yi masa da ranar da za ku gama." Mu da muka saba da rubutun ofis mun sha wahalar barin wannan ɗabi'a, amma kafin a kammala ajin kowa ya fita da samfurin aikinsa da zai iya nuna wa mai ba da aiki ba tare da jin kunya ba, kuma wannan kaɗai ya isa ya biya kuɗin da aka karɓa.

Na kuma yaba da gaskiyar da aka faɗa mana game da kuɗi. An bayyana mana cewa Fiverr, wani shafin intanet da ke haɗa masu ba da aiki da masu yin aikin, yana cire kashi 20 cikin 100 na kowane aiki, don haka aikin dala 50 dala 40 ce ke zama taka, kuma sabon mai sayarwa yana jiran kwana 14 kafin kuɗin su zama abin cirewa. A Upwork kuwa, wanda shi ma irin wannan shafin ne, neman aiki kansa yana cin wasu maki da ake saye da kuɗi, ko an ɗauke ka ko ba a ɗauke ka ba. An nuna mana yadda ake buɗe asusun Payoneer, wato asusun karɓar kuɗi daga ƙasashen waje ta intanet, an kuma ja kunnenmu cewa sunan da ke jikin katin shaida ya zama shi ne a banki da kowane asusu, harafi da harafi. Malamar ta nanata cewa kada wanda yake da albashi ya ajiye aikinsa kafin ya ga kuɗin rubutu suna shigowa wata bayan wata, ta kuma gargaɗe mu game da masu neman kuɗin rajista kafin su ba da aiki.

Inda ajin ya gaza, kuma abin ya dame ni, shi ne an gina shi kacokan a kan Turanci. Marubuci daga Gusau da ya shiga kasuwar Turanci zai yi gogayya da mutanen Indiya da Kenya da Legas waɗanda suka riga shi da shekaru, ga kuma manhajoji irin su ChatGPT da tun ƙarshen 2022 suke fitar da gajerun maƙaloli cikin daƙiƙoƙi. Abin da muke da shi wanda waɗannan ba su da shi shi ne Hausa: fassarar saƙonnin kiwon lafiya da na noma, rubuta tallar rediyo, mayar da hira ta murya zuwa rubutu, da gyara fassarar da na'ura ta yi. Duk da haka ba a ware ko zama ɗaya ga ƙa'idojin rubutun Hausa ba, kuma kwamfutocin cibiyar ba a saita su don buga haruffa masu ƙugiya ba, alhali ko a wayar Android manhajar buga rubutu ta Gboard tana da su. Na yi wa shugaban cibiyar magana, ya karɓa da kyau, ya ce suna neman wanda zai ɗauki wannan ɓangare.

Wurin yana da tsafta, akwai sola idan an ɗauke wuta, amma kwamfutocin ba su kai yawan ɗalibai ba, sai mutum biyu su haɗu a kan ɗaya. Na so a ce an tattauna abin da marubuci zai yi idan sabis ya yanke yana da alkawarin aiki a wuyansa, domin duk wanda yake Zamfara a watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa saboda matsalar tsaro, ya san wannan ba tatsuniya ba ce.

Ina ba malamai da ma'aikata da matan aure masu ɗan ƙarfi a Turanci shawarar su shiga, amma su tambaya kafin su biya ko wannan malamar ce za ta ɗauki ajin, su kuma zo da kwamfutarsu idan suna da ita. Wanda Hausa ce jarinsa zai amfana da darasin kuɗi da na wasiƙar neman aiki, sai dai zai nemi ƙa'idojin rubutu a wani wurin har zuwa lokacin da cibiyar za ta cika alkawarinta.