Multistix 10 SG: tsinken fitsarin da ke tona asirin hanta

Yawanci ana sayen wannan tsinke na kamfanin Siemens don duba sukari ko furotin a fitsari. Amma cikin gidaje goma da ke jikinsa (ƙananan wurare masu sinadari da ke sauya kala in fitsari ya taɓa su), biyu, wato na bilirubin da na yurobilinojin, ba labarin ƙoda suke bayarwa ba, na hanta da hanji ne, kuma a nan darajarsa take.

Jajayen ƙwayoyin jini kan yi kwana 120 su mutu, daga gawarsu ake samun bilirubin. Hanta ta sarrafa shi, ta zuba a ruwan maɗaciya zuwa hanji, inda bakteriya ke mayar da shi yurobilinojin. Mafi yawansa na fita a bayan gida, shi ke ba shi kala; kaɗan ya koma jini, ƙoda ta tace. Don haka ganin yurobilinojin kaɗan, 0.2 zuwa 1 mg/dL, lafiya ce. Bilirubin kuwa ba shi da hurumi a fitsarin mai lafiya: in gidansa ya sauya kala, ko hanta ta kumbura ko tsakuwa ta toshe hanyar maɗaciya, kuma sau da yawa yakan bayyana tun ido bai yi rawayar shawara ba.

Aiki da shi ba wuya. A tsoma, a cire nan take, a goge gefensa a bakin kofi, a riƙe shi a kwance don kada sinadarin wani gida ya malala cikin wani. Kowane gida da lokacinsa: sukari da bilirubin sakan 30, kiton (sinadarin da jiki ke samarwa in yana ƙona kitse) 40, yurobilinojin da furotin 60, fararen ƙwayoyin jini minti 2. Masu gaggawa nan suke faɗuwa, su karanta duka lokaci guda.

Aibinsa babba shi ne ba ya iya nuna cewa yurobilinojin babu shi sam, alhali wannan ce alamar cikakkiyar toshewar maɗaciya. Sai a haɗa da kallon bayan gida, in ya yi fari-fari. Gidan bilirubin ma raggo ne: fitsarin da ya jima a haske, ko na mai shan bitamin C da yawa, sai ya nuna lafiya lau alhali ba haka ba. Kalolinsa kuma sun yi kama da juna, a ɗaki mai duhu ido na ruɗewa. Yuriya, dattin da hanta ke haɗawa daga ragowar furotin, ba ya cikin lissafinsa. Wannan sai gwajin jini.

Kwalba na ɗauke da tsinke 100. Kada a sa a firji, kada a cire ƙunshin da ke tsotse laima, a rufe da zarar an zaro ɗaya. Ga ƙaramin asibiti ya cancanci saye. Mai gwaji a gida jefi-jefi, kwalbar za ta lalace bai ci rabinta ba.