Selenium ga awakina: dutsen lasa, gari ko allura?

Awakina bakwai ne a Ɗorayi. Bara ɗaya ta haifi 'yan biyu masu sanyin ƙafa, ko tsayuwar shan nono ba sa iyawa. Likitan dabbobi ya ce ƙarancin selenium ne, wani sinadari da jiki ke buƙatar ɗan kaɗan daga cikinsa, ya yi musu allurarsa haɗe da bitamin E. Allurar ta gaggawa ce, kuma kada ka yi da kanka, in ta yi yawa guba ce.

Dutsen lasa kuwa asarar kuɗi na yi, awakin sun shinshina sun watsar.

Garin selenium iri biyu ne: sodium selenite mai araha, da na yis, wato wanda aka haɗa da yis. Na yis ɗin akwai tsada, wallahi, amma ya fi shiga jiki ya gangara cikin nono. Shi nake barbaɗa wa masu ciki a dusa.